Gaisuwar Da Ba Ta Aika Ba

Tun kafin ƙofar gilashin filin jirgin ta gama buɗewa ta hango su. Abba ya fi duk masu jira tsawo, hularsa ta karkace saboda ɗaga wuya. Umma kuwa ta riƙe ƙarfen shinge da hannu biyu kamar mai shirin tsallakewa.

Ta riga ta yi wa kanta kashedi tun a sama cewa ba za ta yi kuka ba. Shekara biyu ke nan babu wanda ya ga hawayenta, ko a ranar da igiyar ruwa ta riƙa jifa da jirgin bincikensu har ƙarti suka koma kiran iyayensu mata. Amma da Umma ta rungume ta, ƙamshin gida ya daki hancinta, sai hawaye suka ɓalle mata.

"Kyaftin! Kyaftin ɗin gidanmu!" in ji Umma.

Tun ranar da ta samu gurbin karatun ilimin teku a ƙasar waje, wanda rabinsa a aji ake yi, rabinsa a kan ruwa, sunan nan ya bi ta. Yanzu har maƙwabta da shi suke kiranta.

Umma ta ture ta baya kaɗan tana ƙare mata kallo.

"Dube ki don Allah. Wuya duk ƙashi. Ba sa ba ku abinci ne?"

"Kifi muke ci safe da yamma, Umma."

"Shi ya sa kika fara kama da shi."

Abba ya jira suka gama. Ya ɗora tafinsa a kanta, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Uwata," ya ce, "sannu da hanya."

Ta sunkuyar da kai tana amsawa, amma idanunta sun riga sun ci amanarta. Sun bi ta bayan kafaɗar Abba, sun zagaya masu riƙe da allunan suna, sun leƙa gindin ginshiƙai, sun kai har bakin ƙofar fita. Ta san ba zai zo ba. Babu ta yadda za a yi ya zo. Duk da haka sai da ta duba.

Wanda ta gani shi ne Barista, ɗan wan Abba, yana kaɗa makullin mota a yatsa, rigarsa ta sha guga kamar a yanka tumatir da ita.

"Ƙanwata ta kaina! Na ɗage shari'a guda saboda ke yau."

"Ka kyauta, Yaya. Allah ya ba wanda kake karewa haƙuri."

Ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta, ya karɓi akwatinta.

A hanya Umma ba ta saki hannunta ba. Labari take zubawa: wadda ta haihu, wanda ya tashi daga unguwa, famfon tsakar gida da ya ƙi gyaruwa. Kyaftin na amsawa da kai, tana kallon titi. Sai ga wata ƙaramar farar mota a gabansu, da jan tambarin masu koyo a bayanta, tana tafiya tana tsayawa kamar jaririn da ke tatata.

Ta ƙura wa motar ido.

Barista ya danna hon. "Waɗannan 'yan koyon su ne annobar titi. Su da masu koya musu." Ya saci kallonta ta madubi.

Sai da suka wuce motar ta ga wani dattijo ne a kujerar mai koyarwa, ba shi ba.

Malamin tuƙi. Abin da Abba ya kasa haɗiyewa ke nan shekara biyu da suka wuce. 'Yarsa da ta fi kowa maki a jami'a, ta rasa wanda za ta kawo masa sai mutumin da ya koya mata juya sitiyari. An yi faɗa, an yi lallashi, an turo gwaggwanni. Ita kuwa ta kafe, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma janye ba. Daga ƙarshe Abba ya zaunar da ita ya ce ta tafi karatunta. Kada ta kira shi, kada ta aika masa saƙo, kada ta aika kowa wurinsa. Idan ta dawo zuciyarta na nan inda take, shi kuma zai sake duba maganar.

Ya faɗa ne yana da tabbacin ruwan teku zai wanke mata kai. Ta karɓa ne don ta nuna masa bai san 'yar da ya haifa ba. Ta je ta sanar da Malam sharaɗin, ya ce, "Ki je, Ɗaliba. Ina nan."

Kuma ta riƙe. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita a ɗakin jirgi mai kama da akwati, lambarsa na yawo a kanta kamar karatu, ba ta taɓa waya ba. Ranakun da suka sauka a tashar ruwa, abokan karatunta kowa ya ja gefe yana murmushi shi kaɗai da waya a kunne, ita sai ta zauna a kan igiyoyi tana kallon tsuntsaye. Wani lokaci takan ji muryarsa a cikin ƙugin injin: a hankali, Ɗaliba, motar ba gudu za ta yi ta bar ki ba.

*

Gida ya cika. An yi wa ɗakinta sabon fenti ruwan sararin sama, Abba ya sa an wanke duk hotunan da ta riƙa turowa an jera su a bangon falo: ga ta da rigar ruwa mai ruwan lemo, ga ta riƙe da wani kifi mai mummunar fuska, ga ta da hular kammala karatu. Duk wanda ya shigo sai Abba ya kai shi gaban bangon ya yi masa bayani ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen na'urorin da shi kansa bai iya faɗa daidai ba.

Ta gaisa har bakinta ya gaji. Ta ci abinci har Umma ta yarda. Ta amsa tambayar ko ta ga aljanin ruwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Barista na nan kusa da ita duk inda ta juya, yana miƙo lemo, yana gyara mata labarin da ita ta gani da idonta.

Sai bayan la'asar gidan ya sarara. Abba ya ce a rufe ƙofar falo. Suka rage su uku.

"Uwata."

"Na'am, Abba."

"Ban taɓa tambayarki ko kin riƙe maganarmu ba. Ba kuma zan tambaya ba. Na san jinin da ke jikinki." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Abu ɗaya nake son ji. Har yanzu?"

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da Umma ta sha hana ta.

"Har yanzu, Abba."

"Yaron nan Barista ya yi ɗawainiya da mu ba kaɗan ba da ba kya nan."

"Allah ya saka masa. Yayana ne, kuma yayana zai ci gaba da zama."

Abba ya yi wata 'yar dariya ta wanda aka kayar a gaban jama'a.

"Taurin kan nan ba a ƙasa kika tsince shi ba. To, na ji. Ni na gindaya sharaɗi, ke kika cika. Ba zan zama ƙaramin mutum a gaban 'yata ba. Ki ce masa ya turo manyansa."

Ta daɗe tana tsara yadda za ta karɓi wannan magana: a natse, da kai a sama, kamar wadda aka miƙo wa abin da dama nata ne. Duk tsarin ya watse. Ta zube a gaban kujerarsa ta kifa fuska a gwiwarsa, kafaɗunta na rawa.

"Na gode, Abba. Na gode. Allah ya ƙara girma."

Ta miƙe tana share ido tana dariya lokaci guda.

"Gobe da safe zan fara zuwa in gaida Inna. Umma, ba ki ga abin da na sayo mata ba. Wani mayafi ne na gashin tumaki, a wata tasha mai sanyin bala'i na same shi. Kullum tana kukan sanyi na shiga mata ƙashi. Ai ita ba ta cikin sharaɗi ko, Abba? Saye kawai na yi, ban aika ba."

Babu wanda ya yi dariya.

Inna ita ce mahaifiyar Malam. Ita ce mace ɗaya da ta tsaya musu tun farko, ita ce ta raɗa mata suna Mai Birki, saboda ranar da Kyaftin ta fara ɗaukar ta a mota ta taka birkin da ya sa goshin tsohuwar ya gaisa da kujerar gaba.

Kyaftin ta dubi Abba. Ta dubi Umma, wadda ta ƙura wa kafet ido.

"Mene ne?"

"Zauna, Uwata."

"Abba, mene ne?"

"Allah ya yi wa baiwar Allahn nan rasuwa. An kwana biyu. Kina tsakiyar ruwa a lokacin, jarrabawarki ta ƙarshe na gabanki. Ni na ce kada a faɗa miki. Na san halinki, sai ki ajiye komai ki taho."

Ba ta san lokacin da ta zauna a ƙasa ba. Bakinta na maimaita innalillahi, kunnenta kuma na jin wata irin ƙara kamar ta cikin ruwa.

*

Tana zaune a bakin gado da mayafin a cinya Umma ta turo ƙofa, ta mayar ta rufe, har da murza makulli. Ta zauna nesa kaɗan. Ta gyara ɗankwali. Ta sake gyarawa.

"Akwai sauran magana. Abbanki bai san da ita ba."

Kyaftin ba ta ɗago ba.

"Na je gaisuwa. Ai dole in je, ko ba komai matar nan ta so ki. Na tarar da gida cike da mata, babu wurin sa ƙafa. Ina zama yayar malamin naki ta dube ni a gaban kowa ta ce, 'Hajiya, 'yar taku ta ji kuwa? Inna har ta cika tana tambayar Mai Birki.'"

Wani sauti ya ƙwace daga maƙogwaron Kyaftin. Ta toshe baki da mayafin.

"To ki faɗa min, me zan ce? In ce mun ɓoye mata? A gidan mutuwa, ido ya yi ɗari a kaina, kowa ya san ba ma son haɗin nan? Cewa za a yi ko mutuwa ba ta sa mun sassauta ba. Sai na ji bakina ya ce kin ji, kina gaisuwa, jarrabawa ce ta riƙe ki."

"Umma..."

"Tsaya, ban gama ba. Da na fito, shi yaron ya biyo ni har bakin mota. Idonsa kamar garwashi. Ya durƙusa ya ce, 'Umma, da gaske ta ji?' Na riga na faɗa a ciki, ya zan canza a waje? Na ce ta ji. Ya sake tambaya." Muryar Umma ta dusashe. "Na ce wallahi."

Kyaftin ta sauke mayafin daga bakinta.

"Kin san abin da kika yi kuwa, Umma? Ya san sharaɗin Abba, ya yarda da shi. Amma mutuwa? Yana zaune yana cewa na ji uwarsa ta rasu, na zaɓi takarda. Ko kalma ɗaya ban aika ba. Wata nawa yana kallona a haka?"

"Na ɗauka abin zai wuce. Na ɗauka za ki dawo kin manta da shi, shi ma ya manta da ke, maganar ta bi iska. Ban san haka kike ba."

"Kin sani. Ke kika haife ni."

Umma ta fashe da kuka, irin kukan manya marar sauti. Ta matso ta kama hannayenta biyu.

"Ki rufa min asiri, 'yar nan. Ni ce matan unguwa ke kawo wa ƙara in sasanta su. Ni ce nake zaunar da 'ya'yan mutane in ce su ji tsoron Allah su faɗi gaskiya. A ce na yi rantsuwa a kan ƙarya a gidan makoki? Yayar nan tasa ba za ta bar shi a cikinta ba, kafin azahar gari ya ɗauka. Abbanki kuma in ya ji... shekara talatin bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Ki ba su haƙuri kawai. Ki ce kuskure ne, ƙuruciya ce. Yana son ki, zai haƙura."

"In ce na ji, na yi shiru."

"Ki ce duk abin da za ki ce. Kada dai ki ce ban faɗi gaskiya ba."

Kyaftin ta zare hannayenta a hankali. Ta ninke mayafin gida huɗu, ta shafa shi ya kwanta.

"Ki je ki huta, Umma. Kin sha aiki yau."

*

Da safe Barista ya bugo waya yana tambayar ko akwai inda zai kai ta. Ta ce ta gode, hannunta lafiya lau. Ta karɓi makullin motar Abba. Tana fitowa ta tarar da Umma tsaye a bakin ƙofa da mayafi da jaka.

"Zan raka ki."

Ta buɗe mata ƙofar mota. Suka nufi wurin aikin Malam.

Makarantar tuƙin na nan yadda ta bar ta: fili mai shinge, tsofaffin tayoyi da aka shafa wa farin fenti an jera su layi-layi, robobi masu tsini ja da fari, da ɗan ofis mai rufin kwano a gefe. Ta tsaya a ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa.

"Gwiwata na ciwo," Umma ta ce, ba ta dube ta ba. "Zan jira a nan."

A ofis yayar Malam ce zaune bayan tebur, ita ke karɓar masu rajista. Ta ɗago, ta dubi Kyaftin tun daga takalmi har ɗankwali, ba ta amsa sallamar da sauri ba.

"A'a. Manyan ƙasa. An sauka ke nan."

"Jiya na dawo, Yaya. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta."

"Amin. Haƙuri ai ya daɗe da zama dole. Har mun fara mantawa, sai ga shi kin tuna mana." Idonta ya sauka kan ledar da ke hannun Kyaftin. "Wannan fa?"

"Mayafi ne. Na saya wa Inna."

"To wa zai yafa? Inda take ba a jin sanyi."

Maganar ta shige ta kamar allura. Ta cije leɓe, ta tsaya ƙyam.

A kan teburin akwai kular abinci mai fure-fure, an ɗaure ta da tsabtataccen ƙyalle. Yayar ta ga inda take kallo, ta jawo kular kusa da ita kamar mai gyara mata zama.

"Nas ɗin da ta yi jinyar Inna ce ta aiko. Kullum sai ta aiko. Yarinyar da ba ta haɗa komai da mu ba, ita ta riƙa juya ta, ita ta riƙa yi mata wanka, a hannunta ta cika. Ba ta da digiri a kan kifi, amma ta san mutum. Na gaya masa ni na gama zaɓa masa. Shi ne yake ta ja min rai, wai sai ya ji daga bakinki. To ga ki, ga shi nan tafe. Ki sallame shi mu huta. Ke ma ai na ji naku na gida yana nan yana jira, lauyan nan mai baƙar riga."

Farar mota ta shigo filin a hankali, ta zagaya tayoyin, ta tsaya a karkace. Wata mata ta fito daga mazaunin direba tana ta ba da haƙuri. Ta ɗaya ƙofar Malam ya fito.

Ya rame. Abin da ta fara gani ke nan. Ya bar gemu, kuma akwai 'yan fararen gashi a gefen kansa da ba ta san su ba. Yana cikin yi wa matar bayanin yadda ake kallon madubi ya hango ta a ƙofar ofis. Hannunsa ya tsaya a sama. Bai ƙarasa maganar ba.

Ta taka zuwa wurinsa. Motar ce a tsakaninsu, shi a wancan gefe, ita a wannan.

"Malam."

"Ɗaliba." Ya sauke hannunsa. "Kin dawo."

"Na dawo. Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya gafarta mata."

"Amin."

Injin motar na ƙas-ƙas yana hucewa.

"Abba ya amince," ta ce. "Jiya ya ce ka turo."

Ya rufe ido. Ta ga yadda maganar ta same shi, ta ga farin cikin ya taso ya kai fuska, sannan wani abu ya danne shi. Ya dafa rufin motar da hannu biyu.

"Da bara aka ce min zan ji wannan maganar in kasa tsalle, da na ce ƙarya ne." Ya buɗe ido. "Na riƙe miki alkawari. Ban neme ki ba. Duk yarinyar da ta zauna a kujerar nan ta taka birki da ƙarfi, sai na juya in ga ko ke ce. Ban yi ƙorafi ba, ni na ce ki je. Amma Inna ta kwanta tana kiran sunanki. Ina ce mata kina hanya. Ranar da ta rasu na ajiye waya a gabana, na ce yau kam sharaɗi ya faɗi, ko Abba ba zai ce kada ki yi min gaisuwar uwa ba. Na jira. Aka share makoki ina jira."

Hawaye suka ziraro mata. Ba ta share ba.

"Tambaya ɗaya gare ni, Ɗaliba. Kin ji, ko ba ki ji ba?"

Amsar na kan harshenta. Kalma uku ce, ba ta fi ba. Tana faɗa komai zai koma daidai: zai zagayo motar nan, yayarsa za ta sunkuyar da kai, kular abincin za ta koma inda ta fito. Ta san yayar na tsaye a ƙofar ofis ta kasa kunne. Ta san kuma a bayanta, ƙarƙashin bishiya, akwai matar da ta kama ƙarfen shinge jiya kamar za ta tsallake.

"Me Umma ta ce maka?"

"Ba Umma nake tambaya ba. Ke nake tambaya." Muryarsa ta karye. "Ki ce min ba ki ji ba. Wallahi ba zan bincika ba. Ki faɗa kawai, in samu abin da zan riƙe."

Ta ɗaga kai, irin ɗagawar da ta yi wa Abba, irin wadda ta yi wa teku.

"Mahaifiyata ba ta ƙarya."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sauke hannayensa daga kan motar, ɗaya bayan ɗaya.

"To," ya ce. "To. Allah ya sa kin ci jarrabawar."

"Na ci."

"Madalla."

Daga ƙofar ofis yayar ta tafa hannu sau ɗaya. "Ka dai ji da kunnenka."

Kyaftin ta juya. Ba ta yi gudu ba, ba ta sunkuya ba. Ta bi ta tsakanin fararen tayoyin nan da ta taɓa bi da mota tana dariya yana riƙe da kai, ta fita, ta buɗe ƙofa, ta zauna. Ta sa makulli.

"Me ya ce?" Umma ta tambaya da ƙaramar murya.

Ta tayar da motar.

"Ke, me kika ce musu?"

"Na ce uwata ba ta ƙarya."

Ta faɗa tana kallon gaba, fuskarta a jiƙe, haɓarta a sama. Ta kai hannu za ta sa giya, sai ta ji hannun Umma a kan nata, da sanyi.

Umma ta daɗe tana kallon fuskar nan. Sannan ta dubi filin, inda Malam ke tsaye har yanzu a gefen farar motar, ya juya wa titi baya, ya haɗa kai da rufinta.

"Kashe motar."

"Umma, mu tafi gida. An gama."

"Na ce ki kashe."

Injin ya yi shiru. Umma ta ajiye jakarta a kan kujera, ta gyara mayafi, ta buɗe ƙofa. Sai da ta dafa murfin sannan ta iya miƙewa, gwiwar da gaske take ciwo.

"Umma! Yayarsa na nan. Kowa zai ji. Abba zai ji."

"Na sani."

Ta bi ta da ido tana ɗingishi, ta wuce bakin ƙofa, ta shiga filin a gaban yayar da ta saki baki, a gaban matar da ta zo koyon mota, a gaban duk wanda ke wurin. Ba ta rage murya ba da ta kira shi.

"Ɗana. Juyo ka dube ni. Ranar da ka durƙusa a bakin motata, akwai abin da na rantse maka a kai."